Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Sa'ad da aka raba mu koyon aikin malanta, rabonmu ya faɗa Taba, cikin ƙasar noman rake, wajen Makarfi da Kudan. Cikin kayanmu akwai wani littafin Turanci wanda ya cika ɗakunan kwananmu da surutu wata guda cur. Kowa ya ce ba a taɓa rubuta irinsa ba, har da waɗanda bango kaɗai suka gani. Sai da muka yi kamun ƙafa kafin aka ba mu aronsa.

Ga waɗanda ba su san irin waɗannan littattafai ba, labari ne na wani zamani mai zuwa, bayan duniya ta lalace, azzalumai sun riƙe mulki, sa'an nan a sa soyayyar samari a tsakiya. Kasuwarsu ta buɗe a Amurka cikin 2008, da Suzanne Collins ta fitar da The Hunger Games, inda gundumomi 12 kan ba da yaro da yarinya kowace shekara, a sa su faɗa sai ɗaya ya saura. Cikin 2011 Veronica Roth ta biyo da Divergent, inda aka raba mutanen Chicago ƙungiya 5. Daga nan masu kwaikwayo suka yi yawa. Namu ɗaya ne daga cikinsu, ba kuwa za mu faɗi sunansa ba, don ba faɗa muka zo yi da mai shi ba.

To, ga inda muka yi wauta. Tun ba mu buɗe shafin farko ba, muka yi wa yaran ajinmu alkawari kowace Alhamis za mu juya musu babi guda da Hausa, muka ce za su ji abin da zai hana su barci. Watau mun sayar da yabon da mu ma aro muka yi.

Da dare muka kunna fitila muka soma. Farkon ba laifi: hukuma ce ke zaɓa wa kowa aiki da abokin aure, wanda ya ƙi a kore shi daji. Amma da tafiya ta yi nisa, sai zaluncin ya koma labule kawai. Yarinyar labarin ba ta da aiki sai auna samari biyu, wannan mai fara'a, wancan mai ɗaure fuska. Ana cewa ana yunwa, ba mu ga wanda ya rame ba. Daga ƙarshe ba a warware kome ba, aka ce mu nemi littafi na biyu. Tamkar rake ne mai kauri, ka sha wuyar ferewa, ka tauna ka ji salam.

Duk da haka girman kai ya sa muka ci gaba. Ran Alhamis ta uku wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, tun da an ce gonakinsu sun ƙone, me su ke ci?" Muka juya shafi gaba da baya, babu amsa. 'Yar manomi ce, ta san abin da rumbu ke nufi in damina ta yi gardama. Nan take muka gane ta fi mu karatun littafin, ko da ya ke ba ta iya Turancinsa ba.

Mako na gaba muka gaya wa yara gaskiya, muka ce mun yabi abin da ba mu ɗanɗana ba. Muka ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito cikin 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933. Nan ma duniya ce da ta lalace, amma ta gaske, zamanin cinikin bayi. Da muka kai inda uwar Umar ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta, aji ya yi tsit. Bayansa muka karanta Jiki Magayi na John Tafida da East, inda dukiyar Malam Shehu ta raba Abubakar da Zainabu, ramuwar gayya kuma ta cinye har wanda bai san hawa ba. Soyayya ce, amma mai tsada, kowa ya biya.

Kada a ce mun ƙi littattafan Turawa, ko mun raina soyayya. Littafin nan ya ƙara mana kalmomi, wanda kuma ya ji daɗinsa ba mu ga laifinsa ba. Ma'auninmu dai guda ne yanzu: in marubuci ya ce akwai wuta, to, mu ga wanda ta ƙona.

'Yan'uwa, mun san in mun komo makaranta wasu za su ce ƙauye ya ɓata mu. Mun yarda. Amma gobe kowannenmu zai tsaya gaban yara waɗanda za su gaskata duk abin da ya fito bakinsa. Kada mu kai musu littafi sai mun karanta shi har bango, gama gani ya kori ji. Littafin kuwa yana nan lafiya, za mu mayar wa mai shi tare da godiya, da kuma tambayar yarinyar nan.