Ladan gumi ba sadaka ba ne

Wata ranar Asabar ce cikin sanyin ƙarshen shekarar 2022, ina wani ɗakin rabon abinci ga mabuƙata a garin da na yi karatun digirina na uku a Amurka. Nakan je can sau biyu a wata in taya su jera kayan gwangwani da ƙullin shinkafa cikin kwalaye. Da hantsi sai ga wata doguwar mota ta tsaya, samari takwas majiya ƙarfi suka sauko sanye da rigunan ƙungiyar ƙwallon jami'armu, mai ɗaukar hoto na biye da su. Suka yi sa'a guda suna ɗaukar kaya, aka yi hotuna, aka tafa musu. Ni ma na tafa, har ina cewa a raina lallai yaran nan sun sami tarbiyya.

Ɗaya daga cikinsu ɗalibina ne a wani aji da nake taya koyarwa, yaro mai ladabi wanda barci kan sace shi a darasin safe, domin tun asuba yake filin atisaye. Ranar Litinin na tsayar da shi na yaba masa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai a bakin aiki muke. Ta nan albashinmu ke fitowa." Wannan amsa ce ta sa na shiga bin diddigin lamarin, kuma har yau da na dawo gida ina koyarwa ba ta bar zuciyata ba.

Wasannin jami'o'i a Amurka babbar kasuwa ce. Filayen ƙwallon zari-ruga irin tasu na wasu jami'o'in na ɗaukar 'yan kallo sama da 100,000. A 2016 kamfanonin CBS da Turner sun amince su biya dala biliyan 8.8 domin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza na ƙarin shekara 8. Akwai masu horarwa da ke karɓar fiye da dala miliyan 10 a shekara. Amma hukumar NCAA mai kula da wasannin, wadda asalinta ke komawa 1906, ta daɗe tana haramta biyan 'yan wasan da kansu, in ban da kuɗin makaranta da masauki da abinci. Walter Byers, wanda ya fara jan ragamar hukumar a 1951, ya amsa a littafin da ya wallafa a 1995 cewa sun yayata laƙabin "ɗalibi ɗan wasa" ne domin kada kotuna su ɗauki yaran a matsayin ma'aikata, har a biya su diyya idan sun ji rauni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haramcin bai taɓa hana kuɗi gudana ba, ya dai tura su ta bayan fage. Kowace babbar jami'a tana da attajiran magoya baya, galibi tsofaffin ɗalibanta, waɗanda nasarar ƙungiya ke gabansu fiye da komai. A 1987 an dakatar da ƙungiyar jami'ar SMU da ke Teksas tsawon kakar wasa guda, bayan an gano irin waɗannan attajirai na biyan 'yan wasa a ɓoye.

Abubuwa sun sauya a 2021. Ranar 21 ga Yuni alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su 9 suka haɗu baki ɗaya a shari'ar Alston suka soke iyakar da NCAA ta sa kan tallafin karatu da ake ba 'yan wasa. Daga 1 ga Yuli hukumar ta yarda ɗan wasa ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa, kamar ta hanyar talla. Sai dai ta bar sharaɗi: jami'a ba za ta biya shi kai tsaye ba, kuma ba za a biya shi domin wasan da yake bugawa ba. Attajirai suka ga ƙofa. Suka kafa ƙungiyoyin tara kuɗi, da dama daga ciki suka yi rajista a matsayin ƙungiyoyin agaji ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji. Wanda ya ba irin wannan ƙungiya gudummawa, ana cire abin da ya bayar daga kuɗin shigarsa kafin a yanka masa haraji. Ita kuma ƙungiyar sai ta biya ɗan wasa, da sunan ya ziyarci asibitin yara ko ya tallata wata gidauniya a shafinsa na sada zumunta.

Misali mafi shahara shi ne na ƙungiyar Horns with Heart, wadda ta sanar a Disambar 2021 cewa za ta riƙa ba kowane ɗan wasan sahun gaba mai tallafin karatu a Jami'ar Teksas, wato ƙartin da ke tare abokan hamayya, dala 50,000 a shekara domin tallata ayyukan jinƙai. Wace irin sadaka ce ke fara duba gurbin da mutum ke tsayawa a fili kafin ta san ya cancanta? Hukumar haraji ta IRS ma ta yi irin wannan tambaya. A Yunin 2023 ta fitar da wata takarda da ke cewa da yawa daga waɗannan ƙungiyoyi ba su cancanci afuwar haraji ba, saboda amfanin da 'yan wasa ke samu shi ne ainihin manufarsu. Cikin watan Agusta gidauniyar magoya bayan Texas A&M ta rufe asusun da ta buɗe domin wannan harka.

A Hausa kalmar "lada" fuska biyu gare ta. Akwai ladan da ake ba ɗan dako idan ya sauke kaya, akwai kuma ladan da mai kyauta ke fatan samu gobe. Na farko bashi ne a wuyanka, na biyu kuwa ganin dama ne. Abin da na gani a Amurka shi ne mutane suna biyan lada na farko, suna neman a rubuta musu na biyu, a kuma rage musu haraji a kai.

Ban ga laifin yaran da suka karɓa ba. Da babu gara ba daɗi, kuma wasunsu da kuɗin suke biya wa iyayensu haya. Ba na kuma musun cewa gidajen agaji sun ɗan amfana. A makon da samarin suka zo mana, gudummawar da aka kawo ta ƙaru. Damuwata ita ce sunan da aka sa wa kuɗin, domin suna ne ke fayyace wa ke bin wani.

Ni ma a lokacin jami'ar nake yi wa aiki, sa'a 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarda da shi. Dokar NCAA ma sa'a 20 ta ƙayyade wa ɗan wasa a mako lokacin kaka, ban da tafiye-tafiye da jinyar jiki. Nawa an kira shi aiki, da takardar ɗauka da ranar biya da ofishin da zan kai kuka. Nasa an kira shi alheri. Wanda ake yi wa alheri kuwa godiya ce tasa, ba shi da bakin ciniki. Abin mamaki kuma, shi yaron sai ya biya haraji kan abin da ya karɓa, attajirin da ya bayar kuwa an rage masa nasa. Giɓin da aka bari a baitulmali sauran jama'a ne ke cike shi, har da matan da ke zuwa karɓar kwalin abinci a wurinmu.

A kakar da ta biyo baya ɗalibin nawa ya tsinke jijiyar gwiwa. Jami'a ta yi masa aiki, ba ta kuma janye tallafin karatunsa ba. Amma da aka sabunta jerin waɗanda ƙungiyar agajin za ta biya, babu sunansa. Hannuwansa lafiya lau, zai iya ɗaukar kwalin abinci kamar da. Ashe ba kwalin ake biya ba.

Yanzu an fara kiran abu da sunansa. Ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya tanadi kusan dala biliyan 2.8 a matsayin diyya ga 'yan wasan baya cikin shekara 10, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Duk wata yarjejeniyar waje da ta kai dala 600 sai an kai ta an tantance. Ci gaba ne, amma sulhun bai kira su ma'aikata ba. 'Ya'yanmu kuma na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ta wannan hanya Hakeem Olajuwon ya bi a Jami'ar Houston, haka Tobi Amusan a El Paso, kuma waɗanda ke bin sawunsu a yau da bizar ɗalibi suna cikin tsaka mai wuya, domin dokar shige da fice ta taƙaita irin aikin kuɗin da za su iya yi a cikin ƙasar.

Da na dawo gida sai na riƙa jin abin a bakinmu. Sau nawa muke sallamar wanda ya wuni yana yi mana aiki da "ga wannan ka sha ruwa", mu kuma jira ya durƙusa ya gode? Na kama kaina ina yin haka ga wani ɗalibi da ya kwashe mako biyu yana taya ni tattara bayanan bincike. Na kira shi washegari, muka zauna muka ƙirga kwanakin, muka yanke abin da ya kamata, na cika masa. Da zai fita ya fara jero godiya, na ce masa ya bari, haƙƙinsa ne. Sai da ya ɗan tsaya yana kallona kafin ya sa kuɗin a aljihu.