Kiɗan Teku A Bakin Tashar Jirgin Gombe

Bayan an yi sadakar arba'in ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, sai muka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da ya daɗe a ƙarƙashin gadonsa. Muka tarar da takardar sallamarsa daga aikin reluwe, da wani ƙaramin faifan garmaho naɗe cikin tsumma. A jikin faifan an rubuta The Ventures, a ƙasa kuma Walk, Don't Run. Abin ya ɗaure mana kai ƙwarai, domin mun taso mun san shi mutum ne mai carbi da sahun farko, ko a rediyo aka sa kiɗa yakan ce a rage murya. Yayana ya ce a jefar da faifan, kada a tona wa mamaci asiri. Mahaifiyarmu kuwa ta ce, "Wannan na zamansa na Gombe ne, tun ba a kawo ni ba. Akwai amininsa mai gyaran rediyo a can, in yana raye shi zai ba ku labari." Dalilin tafiyata Gombe ke nan.

Daga Bauchi tafiyar kimanin kilomita 150 ce. Mota ta ƙetare kogin Gongola a gadar Dindima, ta wuce Alkaleri, har muka iso Tumfure. Daga nan ne matafiyi yake gangarawa ya hango gari shimfiɗe cikin kwari, duwatsu na gadinsa.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan Gombe ba ita ce ta farko ba. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa hedkwatarsa. Turawa suka mayar da ita Nafaɗa a 1913, kana aka dawo da ita Doma a 1919, watau inda garin yake yanzu. Auduga da gyaɗa su suka raya shi. An kafa injin gurzar auduga a 1956, har yau kuwa akwai unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin. A 1963 jirgin ƙasa ya iso, shekara guda kafin ya kai Maiduguri. Ran 1 ga Oktoba, 1996, gari ya zama babban birnin jiha.

Na yi yini biyu ina cigiya, daga Jekadafari zuwa Herwagana, daga nan zuwa Sabon Layi. Matasa masu gyaran wayar hannu suka yi ta dariya da na ambaci garmaho. Daga bisani wani tela ya raka ni wani zaure, inda na tarar da dattijo ɗan shekara tamanin ko fiye, kewaye da matattun rediyoyi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina da rasuwarsa. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya daɗe bai ce kome ba. Da na warware tsumman ya ga faifan, sai ya ce, "Ashe bai yar ba."

Ya sa jikansa ya ɗauko wani akwatin juya faifai da ƙura ta rufe. Sai da ya sake masa roba, ya goge allura da auduga, kana ya ɗora faifan, wanda yake zagayawa sau 45 a minti. Aka ji ƙarar ganga kamar ana buga ƙofa, sai jita ta shigo tana gangarowa mataki mataki. Minti biyu kacal kiɗan ya ƙare, ba a furta ko kalma ɗaya ba.

Na ce, "Baba, ina waƙar?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, haka mutanen gari suka riƙa tambayarmu. A ƙasar Hausa in an ga makaɗi sai a jira a ji wa zai wasa. Shata yana da kalangu amma bakinsa ake saurare, Ɗanmaraya yana da kuntigi amma maganarsa ake bi. Mu kuwa ba mu wasa kowa ba, ba mu roƙi kowa ba. Nakan ce musu, ai ku ma kuna da take. In an kaɗa wa ɗan dambe takensa, ko an busa wa Sarki algaita, wa yake bukatar a fassara masa? To, wannan ma take ne, sai dai na mutanen bakin teku."

Bayanin da ya yi daidai ne. A farkon shekarun 1960 samarin Kalifoniya ta Amurka masu wasan hawan igiyar teku bisa allon katako suka sami kiɗa nasu na jita mai lantarki. Ana bi da sautin ta cikin wata murɗaɗɗiyar waya da ke girgiza, sai ya fito da amsa-kuwwa kamar ɗigar ruwa cikin rijiya. Dick Dale, wanda mahaifinsa ɗan asalin Labanan ne, shi ne gwarzon wannan fage, da kiɗansa Misirlou na 1962. Su The Ventures ba 'yan Kalifoniya ba ne. A garin Tacoma na Jihar Washington aka kafa ƙungiyar a 1958, kuma waɗanda suka kafa ta, Don Wilson da Bob Bogle, ma'aikatan gini ne. Walk, Don't Run ya fito a 1960, ya kai na biyu a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka. A wannan shekarar ce kuma The Shadows na Ingila suka fito da Apache. Da yake babu harshe a ciki balle a nemi tafinta, kiɗan ya ratsa duniya, har a Japan The Ventures suka fi tashe fiye da gida.

Dattijon ya ce su huɗu ne, dukansu samari, kusan duka a reluwe suke ci. Mai jan gaba da jita wani akawun tasha ne Ibo, shi ya zo da faifan daga Fatakwal a jirgi. Mai ganga ɗan Tangale ne daga wajen Kaltungo. Mahaifina yana riƙe da jita ta biyu. Shi kuwa mai ba ni labari shi ya harhaɗa musu akwatin ƙara sauti daga tsohuwar rediyo, suna ba shi wuta da batirin mota. Ba su da suna, ba su taɓa buga faifai ba. Ran Asabar da dare sukan zauna bayan gidajen ma'aikata, su sa faifan, su kwaikwaya, su sake sawa, har allura ta cinye. Ya ce ban da akawun babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu.

Na tambaye shi abin da ya raba su. Ya ce, "1966." Da tarzoma ta tashi a Arewa cikin wannan shekara, mutanen Gabas suka yi ta barin garuruwanmu. Shi da mahaifina suka ɓoye akawun a ɗakinsu, kana suka raka shi da dare har ya sami abin hawa. Jitarsa kaɗai ya ɗauka. Faifan ya danƙa wa mahaifina, ya ce a ajiye masa sai ya dawo. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya ƙare a 1970, waɗansu suka komo suka karɓi kayansu, shi shiru. Mahaifina ya rubuta wasiƙu, ba amsa. Tun daga ran nan bai sake taɓa jita ba.

Ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa yayanka, ba kayan shagala ubanku ya ɓoye ba. Amana ce."

Da la'asar na taka zuwa tashar jirgin. Ciyawa ta rufe dogo, awaki na kiwo a gindin tsofaffin taragai, yara na buga ƙwallo. Ban ga jirgi ba, ban ji ƙahonsa ba. Na tsaya ina lissafi: Bob Bogle ya rasu a 2009, Don Wilson a 2022, mai gangar nan ɗan Tangale ya riga mu gidan gaskiya, ga mahaifina ya bi. Saura mutum guda a zaure, shi ma ƙarfinsa ya kusa ƙarewa.

Ina kira ga gidajen rediyonmu da Jami'ar Jihar Gombe da su aika matasa da na'urar ɗaukar magana zuwa irin waɗannan zauruka tun da sauran lokaci. Tarihin gari ba na sarakuna da gwamnoni kaɗai ba ne, har da na akawu da mai gyaran rediyo, da yadda suka zauna da juna.

Da zan yi sallama na ce zan bar masa faifan. Ya ƙi, ya ce ba shi aka ba ajiya ba, kuma amana gado ce. Na sake naɗe shi cikin tsummansa. In akwai wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi akawu a tashar Gombe kafin 1966, yana kuma kaɗa jita, to, ya neme ni ta ofishin wannan jarida. Kayansu na nan a hannuna.