Baƙo da Babur a Tsibirin Bamuda

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muke shirin zama malamai kullum ana gaya mana cewa koyo ba ya son gaggawa. Ina so in kawo muku misalin wannan magana daga wata ƙasa mai nisa, inda ake ba mutum babur bayan darasin da bai kai tsawon hutun tara na makaranta ba.

Bamuda tsibiri ne ƙarami cikin Tekun Atalantika, kamar mil 650 daga gaɓar Amurka, yana kuwa ƙarƙashin Ingila. Manyan jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa sukan taso daga birnin New York da dubban mutane, su tsaya nan kwana biyu ko uku. Yayata ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin magani na wani jirgi irin wannan, daga bakinta na fara jin labarin.

Mutanen tsibirin sun daɗe ba su son mota. A 1908 suka hana ta da doka, ba a sake yarda da ita ba sai 1946. Har wa yau gida ɗaya mota ɗaya ne, baƙo kuwa ba a ba shi hayar mota irin wadda ya saba. Sabo da haka da ya sauka daga jirgi sai ya ga ƙananan babura irin basfa a jere. Ba a tambayarsa lasin. A nuna masa totur da birki, a ba shi hular kwano, ya zaga fili sau biyu, shi ke nan ya zama direba.

To, ga inda wahalar take. A Bamuda hannun hagu ake bi, yawancin baƙin kuwa daga Amurka suke, inda ake bin dama. Muddin hanya tana miƙe mutum yana tunawa. Amma da ya iso shataletale, ko wani ya ɓullo masa ba zato, sai hannunsa ya koma ga abin da ya saba tun yana yaro. Mu ma a Nijeriya mun san nauyin wannan abu, gama ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasarmu ta bar hagu ta koma dama, an kuwa daɗe ana shela kafin ranar ta zo. Abin da ƙasa ta yi wa dogon shiri, shi ne ake so baƙo ya iya da hantsi ɗaya.

Ban da wannan, hanyoyinsu ƙanana ne, ga kwana a kai a kai, sau da yawa bangon dutse ne a gefe, babu inda za a kauce. Doka ta tsai da gudu a kilomita 35 cikin awa, amma wanda ya daki bango da wannan gudun ya san ba wasa ba ne. Ruwan sama yakan sauko farat ɗaya, kwalta ta yi santsi. Baƙon kuwa gajeren wando ne a jikinsa da silifa, watakila ya goyo matarsa, watakila kuma ya ɗan sha barasa a bakin teku.

Yayata ta ce mini, "Ƙanena, ba gudu kaɗai ke ka da su ba, agogo ne." Jirgi yana da lokacin tashi, ba ya jiran kowa. Wanda ya shagala a can ƙarshen tsibiri sai ya duba agogo ya ɗebo sauri, sauri kuwa ya haifi nawa. Ta ce mafi yawa sukan zo mata da saluɓewar fata a gwiwa da hannu, ko ƙunar salansa a ƙwauri. Ta ba ni labarin wani dattijo da ya karye a cinya ranar da za su tashi. Aka kwantar da shi a asibitin tsibirin, aka sauke kayansa, jirgi ya tafi ya bar shi da matarsa a ƙasar da ba su san kowa ba. Magani a can da tsada ƙwarai, inshorar tafiya da yawa kuma ba ta biyan wanda ya hau babur ba lasin.

Ni ma da babur nake zuwa ƙauyen da nake gwajin koyarwa. Kawuna ya yi wata guda yana koya mini a filin ƙwallo kafin ya bar ni in hau titi, sa'an nan ma titin garinmu ne, na san kowane rami nasa. Da na ji labarin dattijon nan sai na gane abin da kawu ya ba ni cikin watan nan: hannuna ya koyi kama birki tun ban yi tunani ba. Wannan kuwa ba a samunsa da kuɗin haya.

Kada wani ya ce babu wata hanya. Akwai bas, akwai jirgin fito da ke kai mutane Hamilton, babban birnin, akwai tasi. Tun 2017 kuma an yarda baƙi su yi hayar ƙananan motocin lantarki masu ɗaukar mutum biyu. Wanda ya iya babur sosai, ya sa hular kwano da takalmi rufaffe, ya bar barasa, ya komo tun da sauran lokaci.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wata rana wani cikinmu zai fita waje karatu ko aiki, ko yaran da za mu koyar su fita. Mu koya musu tun yanzu kada su ji kunyar cewa "ban iya ba tukuna." Allah ya kiyaye hanya.