Gahawar Inna

A unguwar Zango, cikin birnin Damagaram, akwai wata dattijuwa mai ƴaƴa biyar. Ƴaƴanta da jikokinta duk Inna suke ce mata. Ba a Damagaram aka haife ta ba. Iyayenta sun bar gida a ƙafa da niyyar aikin haji, kamar yadda mutane da yawa suke yi a zamanin da. Suka bi ta Barno da Cadi har suka shiga Sudan. Da guzuri ya ƙare, sai suka zauna a yankin Jazira, kusa da garin Wad Madani, suna cirar auduga a gonakin da ake ba ruwa daga kogin Nilu. Can aka haifi Inna, can aka haifi ƙanwarta. Da mahaifinsu ya sauke farali ya tashi komowa gida, Inna ta biyo shi. Ƙanwar kuwa aka bar ta wurin goggonsu da ke riƙonta.

Shekara da shekaru ƴan'uwan nan biyu ba su ga juna ba, amma zumunci bai yanke ba. Da farko alhazai ke kawo wasiƙa, daga baya aka koma aiko da kaset, sannan waya ta zo. Kowace Juma'a sai sun gaisa. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. A watan Disamba na wannan shekara ya kai Wad Madani, mutane suka watse. Tun daga lokacin, in an kira lambar ƙanwar Inna ba ta shiga.

Inna ba ta yi kuka gaban kowa ba. Sai dai ta rage magana, ta rage cin abinci. In jikoki sun taru da dare suna roƙon tatsuniya, sai ta ce ta gaji. Ƴaƴanta suka yi ta ƙoƙari. Wannan ya aiko da turmin atamfa, wancan da buhun shinkafa, wata da kuɗi. Inna takan sa albarka, ta ninke atamfar ta sa a akwati bisa ƴan'uwanta, ko ɗinkawa ba ta bayarwa.

Ɗanta na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta, ma'aikacin asibiti ne. Wata rana aka zaɓe shi ya je ƙarin ilimi na sati biyu a Adis Ababa, babban birnin Habasha. Ya hau mota zuwa Yamai, daga can ya shiga jirgi. Duk tsawon hanya abu guda yake tunani, wace tsaraba zai kawo wa Inna wadda ba za ta shiga akwati ba?

Sai ya tuna wani abu. Duk sa'ad da aka sayo kafe da madara wurin mai shayi aka miƙa mata, takan kurɓa sau ɗaya ta aje kofin ta ce: «Wannan na gwangwani ba gahawa ba ne.» Yara kan yi dariya, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take nufi. Ga shi yanzu Allah ya kawo shi ƙasar da ita ce tushen gahawa.

Gahawa ƙwayar ɗan itace ce. Itacen ba ya da girma sosai, kuma yakan yi shekara 3 ko 4 kafin ya fara ƴaƴa. Ƴaƴan suna farawa kore, in sun nuna su yi ja, girmansu kamar na kurna. Cikin kowane akwai ƙwaya biyu suna fuskantar juna. Su ake ɓarewa, a shanya, a soya, a daka, a dafa. Sai an tsinko kilo 5 ko 6 na ƴaƴan kafin a sami kilo 1 na busasshiyar ƙwaya.

Iri biyu aka fi nomawa a duniya. Na farko shi ne robusta, mai jure zafi, mai ɗaci, wanda ake nomawa a ƙasashe irin su Kodebuwa da Uganda da Biyetnam. Sinadarin nan mai hana barci da ake kira kafeyin ya kusa ninka biyu a cikinsa. Da shi aka fi yin garin kafe na gwangwani mai narkewa a ruwan zafi, irin Nescafé da ake sarrafawa a Abijan. Na biyu shi ne arabika, wanda ya fi ƙamshi da laushin ɗanɗano. Asalinsa dazuzzukan tuddai na kudu maso yammacin Habasha. Daga can ya ƙetara teku zuwa Yaman, inda sufaye suke shan sa tun ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri. Arabika yana son tudu mai tsawon mita 1000 zuwa 2000, da sanyi, da ruwan sama fiye da milimita 1200 a shekara. A Damagaram galibi ruwan shekara bai kai milimita 500 ba, shi ya sa itacen ba ya rayuwa a Nijar. Brazil ce ta fi kowace ƙasa noman gahawa a duniya, a Afirka kuwa Habasha ce kan gaba, kuma wajen rabin abin da ta noma mutanenta ke shanyewa.

Ana saura kwana biyu su taso, Auta ya ƙirga abin da ya rage na guzurinsa. Ba yawa. Wani abokin karatunsa ɗan garin ya raka shi wani kanti mai tsabta, ya zama tafintansa. Ƙamshi ya tarbe su tun daga bakin ƙofa. Ga ƙunshi-ƙunshi an jera, kowane da takarda a jikinsa: sunan yankin da aka noma, Sidama ko Yirgacefe ko Harar, da tsawon tudun gonar, da ranar da aka soya.

Mai kantin wata mata ce mai furfura. Ta bayyana masa cewa wannan ita ake kira gahawa ta musamman. Wata ƴar kasuwa a Amurka mai suna Erna Knutsen ce ta fara kiran ta haka a 1974. Kafin gahawa ta sami wannan suna, galibi jajayen ƴaƴa kaɗai ake tsinkowa, da hannu. Sannan a ɗebi giram 350 na ɗanyar ƙwaya a bincika ɗaya bayan ɗaya. In aka ga baƙa ko ruɓaɓɓiya, ta faɗi. Bayan haka gwanayen ɗanɗano su soya kaɗan, su dafa, su shaƙa, su kurɓa da cokali, su ba da maki kamar yadda malami ke ba ɗalibi. Wadda ta sami 80 cikin 100 ko fiye, ita ce ta ci jarrabawa.

Aka zuba wa Auta ya ɗanɗana. Ba ta da ɗaci, tana da ɗan tsami kamar zoɓo, da ƙamshi kamar na fure. Ya tambayi wadda ta fi maki, aka nuna masa. Ƙaramin ƙunshi na giram 250, an soya sama-sama, an niƙa, an rufe cikin takarda mai walƙiya. Kuɗinsa ya kusa cinye duk abin da ke aljihunsa. Auta ya ce a ransa, mahaifiya ta fi ƙarfin haka. Ya sa hannu zai biya.

Matar ta dube shi ta ce: «Ɗana, wa za ka kai wa?»

Ya ce: «Mahaifiyata.»

Ta ce: «Yaya take shan gahawarta? Tana son suya mai duhu ko sama-sama? Da me take dafawa? Me take sawa ciki?»

Auta ya yi shiru. Ya san magungunan da Inna ke sha da lokacin kowane, ya san awon jininta, amma wannan bai sani ba. Kunya ta kama shi. Ya mai da kuɗinsa aljihu, ya ce zai komo gobe.

Da dare ya kira babbar yayarsu da ke aure a Maraɗi. Ya ce: «Yaya, kin taɓa ganin Inna tana dafa gahawa?»

Yaya ta yi dariya ta ce: «Auta ke nan! Ai kai ba a haife ka ba lokacin. In alhazai sun kawo mata ɗanya, ranar gidanmu kamar salla. Ita ke soyawa da kanta a ƙaramin kasko bisa gawayi, sai ta yi baƙi tana maiƙo. Ta zaga da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin. Ta daka da citta, ta dafa, ta juye cikin wata ƴar butar ƙasa mai dogon wuya da take kira jabana. Maƙwabta su shigo, a sa turaren wuta, a yi ta hira. Jabanar tana nan ƙasan akwatinta, naɗe cikin tsumma. Ita da ƙanwarta suka saye ta a kasuwar Wad Madani ranar da za su rabu.»

Auta ya daɗe bai yi barci ba. Ya gane da ya sayi ƙunshin nan mai walƙiya, da ya kai wa Inna gahawar da wani ya riga ya soya, wani ya riga ya niƙa, ba a bar mata aikin komi ba. Suyar ma ba irin tata ba ce, za ta ji ta da tsami. Ga shi kuma niƙaƙƙiyar gahawa ba ta daɗewa, da an buɗe ta ƙamshin ya fara gudu, alhali ɗanya takan yi watanni da yawa in an aje ta wuri busasshe.

Da safe ya koma ya gaya wa mai kantin abin da ya ji. Fuskarta ta washe. Ta ce su ma jabana suke kiran butarsu, su ma a gida suke suya, su sha zagaye uku, na ƙarshen sunansa baraka. Ta ce a Sudan ma ana shan gahawar Habasha, kuma kogin da ya ratsa Wad Madani daga tafkin Tana na ƙasarsu ya taso. Ta shiga ciki ta fito da ɗanyar ƙwaya ta yankin Harar, wadda ake shanyawa a rana da ɓawonta, mai ƙarfin da ke ɗaukar suya da citta.

Ta zuba a faifai ta koya masa dubawa. Ƙwayar ta zama kusan girma ɗaya, don in an soya su nuna tare. Launinta kore-kore, ba fari fat ba, don farar ta tsufa. Kada a ga baƙa, ko mai hudar ƙwaro, ko tsakuwa. In an shaƙa a ji kamar busasshiyar ciyawa, ba warin ɗaki mai laima ba. Auta ya zauna ya tsince da hannunsa, kamar yadda ake tsince wake. Ya sayi kilo 1, da ƙananan finjali guda shida. Har ya yi saura da kuɗin mota.

Ya iso Damagaram da la'asar. Bayan gaisuwa ya durƙusa ya aje ƙunshin gaban Inna. Ta ce: «Allah ya yi maka albarka», ta miƙa hannu za ta ture shi gefe kamar sauran. Sai ta ji motsin ƙwaya. Ta kwance bakin ƙunshin, ta ɗebo a tafin hannu, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce: «Wa ya gaya maka?»

Ya ce: «Tambaya na yi, Inna.»

Ta ce wa jikarta: «Ke, jawo mini akwatin nan.» Aka fitar da atamfa turmi bayan turmi, har aka kai ƙasa. Ga jabana cikin tsummanta, bakinta ya ɗan ɓantare.

Auta ya tuna mata cewa yamma ta yi, gahawa na hana barci, a bari sai da safe, kuma finjali ɗaya ko biyu sun ishe ta. Ta harare shi ta ce: «To, likita.» Wannan ne wasan farko da ta yi da wani cikin watanni.

Wanshekare bayan sallar asuba ta hura gawayi da kanta. Ƙwayar ta fara ƙara cikin kasko, hayaƙi ya tashi ya haura katanga. Maƙwabciyarta ta leƙo, sannan wata, sannan wata. Inna ta zaga da kaskon kowa ya shaƙa. Da aka ji ƙarar turmi, jikoki suka kewaye ta. Ba a ba su gahawa ba, don ba ta yara ba ce, an ba su gugguru. Wani ƙarami ya tambaya: «Inna, ina kika samo wannan buta?»

Inna ta tura ɗan zaren kaba a bakin jabana don ya tace, ta tsiyaya cikin finjali. Sai ta fara ba su labari: gonakin auduga da ba a ganin ƙarshensu, da babban kogi, da wata ƴar yarinya mai tsoron jirgin ruwa, wadda ita ce ƙanwarta. Ta faɗi sunanta da ƙarfi, aka yi addu'a Allah ya tsare ta duk inda take, kowa ya shafa.

Har yanzu ba a sami labarin ƙanwar ba. Kowace Juma'a Auta yakan kira lambar, sannan ya hura wa Inna gawayi. Ta riga ta gaya masa cewa in wannan kilo ya kusa ƙarewa, ya nemi alhajin da za a ba sautu.