Targaɗe, Allurar Sin da Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Saura wata uku mu tashi zuwa aikin Hajji, ni da mahaifiyata, na yi targaɗe a idon sawun dama. Ina saukowa daga babur a ƙofar gidanmu a Maraɗi, na taka gefen dutse, tafin ƙafar ya lanƙwashe ciki. Kafin magariba wurin ya kumbura suntum. A daren nan tunani ya fi zogi hana ni barci. Inna ta haura shekara 70, gwiwoyinta sun gaji, kuma ni na yi alkawarin tura ta a keke wajen ɗawafi da sa'ayi, alhali sa'ayi kaɗai ya ɗara kilomita 3.

Da gari ya waye Inna ta aika aka kira maɗorin unguwa. Ya lalubi ƙafar, ya ce, "Ɗana, ba karaya ba ce, ba kuma gocewa ba, targaɗe ne." Kalmomi uku ke nan da Bahaushe ya bambanta: karaya ta ƙashi ce, gocewa barin ƙashi ne daga mazauninsa a gaɓa, targaɗe kuwa rauni ne a abin da ke riƙe da gaɓar. A asibiti likita ya sa na taka taku huɗu, ya danna gefen ƙasusuwan idon sawu biyu, ya ce ba sai an ɗauki hoto ba. Wannan gwaji shi ne ƙa'idojin Ottawa, waɗanda likitocin Kanada suka fitar a 1992. Hukuncinsa ya zo daidai da na maɗori.

Ya bayyana mini cewa jijiyoyi uku ne ke ɗaure idon sawu ta waje, kuma ta gaba ce ta fi yawan yagewa. A nan na lura da nauyin da muka ɗora wa kalmar jijiya: ita ce hanyar jini, ita ce mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita ce kuma igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Ya umarce ni da hutu, ɗora ƙanƙara, naɗe wurin da bandeji, da ɗaga ƙafa bisa matashi.

Bayan kwana goma zafi ya lafa, sai na ɗauka na warke. Na koma hidimomina, ban cika mako ba ƙafar ta sake turguɗewa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Inna ta dube ni ta ce, "Idan ba za ka iya ba, a nemo wani." Maganar ta fi targaɗen yi mini ciwo.

Wani abokina a Yamai ya kai ni wurin mai maganin Sin na soka allura. Sana'a ce tsohuwa, wadda littafin Huangdi Neijing ya yi bayaninta fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2010. Masu ita sun ce akwai wani ƙarfi mai suna ci da ke gudana ta manyan hanyoyi 12 a jiki, kuma ciwo alama ce ta toshewarsa. An soka mini siraran allurai a wasu gurabe, ciki har da Kunlun, tsakanin ƙashin idon sawu da agara, da Qiuxu a gabansa. Ban ji zafi ba, sai wani nauyi da tsami a wurin. Na tuna da ƙahon wanzami, domin dukansu biyu ta fata suke neman ciwon da ke ciki.

Gaskiya na ji sauƙin zogi bayan zama uku. Sai dai ba zan iya rantsewa allurar ce ta yi aiki ba, domin targaɗe kan lafa da kansa. Nazarin da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2014 ya tattara bincike 20, ya kuma nuna cewa ingancinsu bai kai a kafa hujja da su ba, ko a kan amfanin allurar ko a kan rashinsa. Abin da na tabbatar shi ne, zogi ya ragu amma ƙafar tana nan tana rawa.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ce ta gano inda gizo ke saƙa. Ta ce, "Malam, tsaya da ƙafa ɗaya." Ban kai daƙiƙa biyar ba na dafa bango. Ta ce a cikin jijiyoyin nan akwai masu sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka. Idan suka ji rauni saƙon yakan makara, shi ya sa wanda ya yi targaɗe sau ɗaya ke saurin maimaitawa. Ta ba ni darasi: in riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafa, in ja ƙafar da igiyar roba ta kowane ɓangare, in ɗage dugadugai ina saukewa, sannan in tsaya da ƙafa ɗaya, da fari ido buɗe, daga baya a rufe, daga ƙarshe bisa matashi.

Kullum bayan asuba ina zaune bisa tabarma ina zana ɓ da ɗ da ƙ da yatsa, yara suna dariya. Na gaji da boko na koma ajami. Sannu ba ta hana zuwa: a mako na shida na cika minti ɗaya ido rufe.

Na tura keken Inna zagaye bakwai na ɗawafi da sawu bakwai na sa'ayi, ƙafata a ɗaure. Da muka tsaya a Marwa ta waiwayo ta ce, "Yaya ƙafar?" Na ce, "Da sauƙi, Inna." Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Gobe ma ka yi rubutun naka."