Wa Zai Karanta Tarin Masu Fasa Dutse?

Shekara biyu na yi ina zarya wurin masu fasa dutse a bayan garin Damagaram, ina auna numfashinsu, ina rubuta labarin tarin da ke hana su barci. Ƙurar dutse tana ɗauke da silika. In ta daɗe tana shiga huhu sai ta bar tabon da ba ya warkewa, ta kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Da na kammala rubutu, sai ga sabon ciwon kai: wace mujalla zan kai wa?

Ina cikin wannan tunani saƙo ya shigo ta imel. Wata mujalla ce ta kira ni "babban farfesa", ta ce in na tura dalar Amurka 300 za ta buga cikin kwana 5. Kaina ya kumbura. Allah ya sa na nuna wa malamina. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, masanan ina ne za su tantance aikin shekara biyu cikin kwana 5? Duba ko tana cikin jerin DOAJ." Na duba, babu ita. Masu tatsar kuɗi ne kawai.

Daga nan hankalina ya koma kan Occupational and Environmental Medicine ta Ingila. Suna irin wannan zai yi nauyi ranar da hukumar CAMES za ta duba ƙarin girmana. To amma da Ingilishi ake buga ta, alhali majon asibitin da mutanen nan ke zuwa Faransanci yake karantawa. Shi ne kuwa ke fara jin tarinsu, ya ba su maganin mura su tafi.

Na kwana ina jujjuya abin. A ƙarshe na aika wa Pan African Medical Journal, wadda ke karɓar Faransanci, kowa kuma yana iya karanta ta kyauta a intanet. Sau biyu masu tantancewa suka maido mini da aikin don gyara. Na ji zafi, amma gaskiyarsu ce.

Da ta fito na gurza kwafi na kai wa majo, na wuce wurin dutse. Wani dattijo ya ce, "Malam, takardar taka cewa ta yi mu bar aikin?" Na ce, "A'a Baba, cewa ta yi a riƙa jiƙa dutse da ruwa kafin a fasa." Ya dube ni ya ce, "Ruwa? A Damagaram?"

Wannan tambaya ce nake bincike a kanta yanzu.