Wutar gidanki ce ke zaɓar gwangwani

Duk mai yin kek na sayarwa a Sule Tankarkar ta san yadda muke gashi. Kaɗan ne ke da oben na gas, na lantarki kuwa halin wuta ya hana a dogara da shi. Yawancinmu babbar tukunya ce: a zuba yashi a gindinta, a ɗora kan gawayi, a jera gwangwanaye, a rufe, a watsa garwashi bisa murfi. Da gwangwanin madara da na alminiyam muka koya, a shafe su da bata, a barbaɗa fulawa don kada kek ya kama.

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari na tarar da sababbin kaya iri biyu: na ƙarfe mai baƙin shafi da ke hana kamu, da na silikon, wanda muke ce wa na roba. Na roban ne ya ja hankalina, ga launi, ga siffar fure da ta zuciya, kuma ba ya tsatsa. Na saya ba tare da na duba lambar zafin da aka rubuta a jikin ledarsa ba. Ban kuma gwada shi ba, sai ranar da maƙwabciyata ta ba ni aikin kek ɗin sunan jikarta.

Na aza shi kan yashi kamar yadda na saba. Tun wajen ɗauka ya lanƙwashe, kwaɓin ya zube ta gefe. Da wuta ta yi ƙarfi sai gindinsa ya babbake, wari ya shiga kek ɗin, gefe fari fat, ciki ɗanye. Baƙi na hanya, ni kuwa ba abin da zan miƙa. Na mayar mata da kuɗinta, na roƙi gafara, amma kunyar da na jawo mata a gaban dangin surukanta kuɗi ba ya goge ta.

Da farko mai kayan na ɗora wa laifi. Gwaggona ce ta tsayar da ni: "Ke 'yar nan, shi ya hura miki gawayin?" Gaskiyarta. Laifin nawa ne, kuma biyu ne: na zaɓi kaya da ido, sannan na yi gwaji da amanar wata.

Daga baya na nemi sanin abin da ya kamata in sani tun farko. Silikon ba ya saurin isar da zafi kamar ƙarfe, shi ya sa gefen kek ba ya yin ja a cikinsa. Yawancinsa an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 220 zuwa 230 ba, ba a kusanta shi da harshen wuta, kuma sai an ɗora shi kan faranti na ƙarfe. Yashin da ke kan garwashi na iya zarce wannan, ba mu da ma'aunin da zai gaya mana.

Mai baƙin shafin ma yana da iyakarsa. Sinadarin, wanda aka fi sani da Teflon, Roy Plunkett ne ya gano shi a Amurka a 1938, ya kuma yi kasuwa a gidajen da ake murɗa wuta a saita ta. Gwangwani mai wannan shafi ya fi silikon gasa kek da kyau, amma daga wajen digiri 260 shafin yana fara lalacewa, sannan soson ƙarfe da wuƙa suna kankare shi.

Don haka, 'yar uwa, idan oben ɗinki na da ma'auni, silikon zai yi miki amfani a ƙananan kek masu ado, mai shafin kuma a babban kek. Idan yashi da gawayi ne, riƙe alminiyam ɗinki da bata da fulawa. Kowanne kika saya, fara gwada shi da fulawarki a ranar da babu mai jiran ki. Asarar gwaji ki bar ta a aljihunki, kada ta faɗa kan wadda ta amince da ke.